Gefen Hagu na Afro

Litinin, 4 ga Maris, 2019
Motar ta dawo Modena yau a bayan babbar mota. Ja, lamba ta bakwai cikin goma sha biyu da muka ƙera a 1971. Silinda goma sha biyu, kilomita ɗari biyu da tamanin a awa, lokacin da motocin gari ke rarrafe. Wani attajirin Zurich ya saye ta, yana so a mayar da ita sabuwa. Ombretta, wadda ta gaji garejin daga ubanta, ta kira ni daga ritaya don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka bugi jikinta. To, ƙarfe dai ƙarfe ne.

Talata, 5 ga Maris
Sun auna ta da na'urar haske. Kafaɗar hagu, saman tayar gaba, ta fi ta dama tudu da milimita tara. Injiniyoyi sai zare ido suke kamar sun ga fatalwa. Na ce musu haka ake yi a da: mutum biyu, guduma biyu, kututturen itace biyu, kowa da gefensa. Dama nawa ne. Hagu na abokin aikina Afro.

Alhamis, 7 ga Maris
Mai motar ya ce dole gefen biyu su zo daidai. Ombretta ta ce, "Kawu Ermes, a sauke hagun ya bi naka. Kwana goma." Na ce to.

Lahadi, 10 ga Maris
Matata Nives ta yi taliyar tortellini a romo. Ina ci tana kallona. Shekara arba'in da biyar da aure, ba ta iya barin mutum ya ci abinci lafiya ba. Wai ashe yanzu har da aikin hannun marigayi Afro zan goge.
Ba ta manta ba. Afro da ido yake aiki, ba ya ɗora farantin alminiyum kan ma'aunin katako, ni kuwa sau goma nake aunawa. Ni na kai ƙararsa wajen maigida a kan wannan motar, aka sallame shi. Gari ɗaya, shagon kofi ɗaya, ba mu sake gaisawa ba. Bara ya mutu. Ban je jana'iza ba, gwiwa na damuna a lokacin.

Laraba, 13 ga Maris
Ban taɓa hagun ba tukuna. Gudumar ba ta yi mini ba.

Juma'a, 15 ga Maris
An kankare fenti, an tura ta tsakar fili da hantsi. Na tsaya daga gaba. Haske na bin gefen hagu tun daga fitila har bayan ƙofa bai karye ba. A nawa, wajen madubi, sai ya ɗan yi tuntuɓe. Awona daidai yake da zanen motar, na sake dubawa har sau biyu. Zanen ne bai kai ba.
Na sa hannu ta ciki. Sawun gudumarsa ƙanana, a jere kamar ɗinki. Ɗan banza, ya iya.

Alhamis, 21 ga Maris
An sake aunawa, gefe biyu sun zo daidai. Ombretta ta daɗe tana duban takardar awon, sannan ta ce duka biyun sun haura zane da milimita tara.
"Kawu, wane gefe ka buga?"
Na ce mutumin Zurich daidai ya nema, bai ce da wanne ba. Ta ninke takardar ta sa a aljihu.
Kafaɗata na ciwo, ɗaga ƙarfe ya fi sauke shi wuya. Na tambayi Nives a wane layi aka sa Afro a maƙabartar San Cataldo. Don in sani ne kawai. Ta ce layi na huɗu, kuma ta riga ta goge mini baƙin takalmina.