Jitar Mijin Yaya

Aikin farko na yau: goge jita, saita tsirkiya.

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi. Direban motar kaya ya kawo min jitar marigayi mijinki ranar Talata, a naɗe cikin tsohon bargo, tare da takardarki. Allah ya jiƙansa, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Na fahimci abin da kike so. Kiɗan da yake yi miki da yamma ya fara zube miki a ka, ba a taɓa ɗaukarsa a waya ba, kina so in koya in mayar miki da shi tun bai ɓace gaba ɗaya ba.

Gaskiya ban san dalilin da ya sa kika zaɓe ni ba. Mutum ya haura arba'in bai taɓa kaɗa ko gwangwani ba. Abin da na iya shi ne jera buhunan siminti da kwalayen tayil a sito. Amma tunda ke kika ce, zan gwada.

Wani abokin aikina ya saka ni a wani zaure na waya, na masu koyon jita don sha'awa kawai. Babu wanda ya san fuskar wani. Akwai Ɗan Fansho, shi ne babba, shi yake turo darasi. Akwai Nas, ma'aikaciyar asibiti, ba ta da yawan magana. Akwai Tela, shi kuma ba ya yin shiru. Da na yi sallama ya ce, "Maraba da Mai Sito. Ka shirya, yatsunka za su tsine maka."

Darasin farko shi ne saiti. Ana sa wata manhaja a waya, a taɓa tsirkiya, allura ta nuna ko ta saki ko ta ɗaure da yawa. Da na gwada, uku suna daidai, uku sun saki sosai. Na ce zaman ajiya ne. Na murɗa kunnuwansu a hankali har allura ta tsaya a kan kore. Yanzu dai jitar tana kan ƙa'ida.

Mai ɗakina tana gaishe ki. Jiya ta leƙo ta ce, "Baban yara, kiɗa ne wannan ko kyanwa ce ta maƙale a rariya?" Ni ma ban tabbata ba.

Ki rera min kiɗan da baki a wayar 'yarki babba, ta turo min. A gai da kowa.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana aikinta. Takardarka ta zo, na gane rubutunka tun daga nesa, layi a miƙe kamar an sa masa zare.

Ka daina tambayar dalili. Tun kana yaro idan aka ba ka kwano ɗaya ka wanke, sai an zo an ƙwace. A gidanmu kaf kai kaɗai ne idan ka fara abu ba ka ajiyewa. Da na ba yayanka, da tuni jitar ta zama abin rataye hula.

Na rera a wayar yarinyar, ta ce ta tura. Kada ka yi min dariya, muryar ta tsufa. Kuma ka sani ba duka ba ne. Akwai wani wuri a tsakiya da yake hawa, ya ɗan tsaya, sannan ya sauko. Shekaranjiya ina wanke-wanke na neme shi na rasa. Na bar kwanukan cikin ruwa, na je na zauna a bakin gado inda yake zama, ko zai dawo. Bai dawo ba. Don haka inda ka ji na yi shiru, wurin ne.

Ka gaya wa matarka na ce ta ƙyale ka, ita ma farkon girkinta mun sha wuya.

Yayarka.

*

Aikin farko na yau: yanke farce, jiƙa yatsu a ruwan ɗumi.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ki gafarce ni da jinkirin amsa, na so in zo da abu a hannu ne.

Na saka muryarki a zaure bayan na yi musu bayani. Ban zaci za su damu ba, sai ga shi har waɗanda ba su taɓa magana ba sun fito. Ɗan Fansho ya zauna ya bi rerawar gaɓa-gaɓa, ya zana min inda zan ɗora kowane yatsa. Tela ya ce, "Ka gaya wa Yaya muryarta ta fi kiɗanka, ita ya kamata a saka a zauren." Wurin da kika yi shiru kuwa sun yi ta gardama a kai, daga baya Ɗan Fansho ya cike shi da abin da ya ga ya dace.

Ina yi kullum bayan na taso aiki, a kan benci a bayan ɗaki, kafin duhu. Bakin yatsuna ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Kamun farko yatsu uku yake so, kowanne a tsirkiyarsa, kuma ƙaramin yatsana ba ya jin magana. A sito ma na kan tsinci kaina ina kama gefen kwali ina gwadawa, har mai gida ya tambaye ni ko sanyin ƙashi ke damuna. Akwai ranakun da nake ganin kamar ina ɓata wa mutanen zaure lokaci ne. Amma dai na haɗa shi daga farko har ƙarshe. Mai ɗakina ta riƙe waya ta ɗauki bidiyo, na tura wa 'yarki. Ki kalla ki gaya min gaskiya.

Wani abu kuma. Wuyan jitar ya koɗe a wuri biyu, fenti ya goge a gicciye, ba kyan gani. Zan kai wa kafinta ya goge ya shafa sabon mai, don in dawo miki da ita tsaf.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na kalla. Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka, ka miƙa godiyata ga mutanen zaurenku.

Ka ce in faɗi gaskiya. Ba shi ba ne. Ya ɗauko hanyarsa, amma nasa yana da wani amo mai cika ɗaki, naka kuwa siriri ne, kamar mutum yana tafiya a kan yatsun ƙafa. Tsakiyar kuma baƙo ne gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne na saurara sau da yawa, yanzu idan na buɗe baki zan rera, naka ne yake fitowa. Ɗan abin da ya rage min ma yana neman tafiya. Na ce yarinyar ta goge bidiyon. Kada ka sake turo min komai, Auta. Ba fushi nake ba, tsoro nake ji.

Kuma wai me ya sa kake tanƙwara yatsu haka kamar mai tsince tsakuwa a faranti? Shi ai bai taɓa yin haka ba. Ka manta injin yankan takarda ya taɓa masa yatsu biyu na tsakiya tun kafin aurenmu? Ba sa lanƙwasuwa. Yatsa ɗaya yake shimfiɗawa a kwance, ya ja shi sama ya ja shi ƙasa, shi ke nan.

Idan abin ya gagara, ka ba direba jitar ya dawo min da ita. Ba laifinka ba ne.

Yayarka.

*

Aikin farko na yau: karɓo jita daga wurin kafinta.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Ki daure ki karanta wannan har ƙarshe.

Takardarki ta same ni a sito. Na karanta a tsaye tsakanin buhuna, ranar har na ƙirga kaya ba daidai ba, abin da ban saba ba. Na san hannun marigayi, na sha gaisawa da shi, amma ban taɓa ganinsa yana kiɗa ba, tunda a ɗaki yake yi miki. Ban taɓa haɗa hannun da jitar a raina ba.

Da na koma gida na rubuta wa zaure cewa na gode, zan fita, abin ya fi ƙarfina. Na kwafa musu maganarki ta yatsa ɗaya don su ga ba ragwanci ba ne. Tela ya ce, "Ina za ka? Mu da muka shekara muna kashe wa maƙwabta kunne ba mu fita ba." Sai ga Nas, wadda sai a yi mako ba a ji ta ba. Ta ce, "Mai Sito, turo min hoton wuyan jitar." Na ce tana wurin kafinta, zai goge koɗewar da ke jiki. Ta ce, "Wace koɗewa?" Na faɗa mata. Sai ta turo saƙon murya, ana jin ƙarar keken marasa lafiya a bayanta, ta ce, "Don Allah tashi ka tafi yanzu. Sawun yatsansa ne za a goge."

Na je na tarar kafintan ya rufe shago. Da safe kafin ya buɗe ina tsaye a ƙofa. Ya ce, "Haba Malam, ai gobe-goben nan za ka samu." Jitar tana jingine bayan wani gado da bai gama ba, ƙurar katako ta rufe ta, ko taɓa ta bai yi ba. Tunda nake ban taɓa gode wa kafinta don ya saɓa alkawari ba sai yau.

Na tura hoto. Koɗewar a gicciye take, daga gefe zuwa gefe, daidai faɗin yatsa. Nas ta ce yatsa ɗaya a kwance ba ya ba da amo mai daɗi a saitin da kowa yake yi, sai in mutum ya sassauta wasu tsirkiyoyi da gangan. Ɗan Fansho ya ce, "Ranar da ta zo hannunka, yaya ka same ta?" Yaya, sai a lokacin na tuna. Uku daidai, uku a sake. Ashe ba zaman ajiya ba ne. Haka ya saita abarsa don hannunsa, ni kuma ranar farko na bi allura na warware masa, har ina yi miki alfahari a takarda. Ɗan Fansho ya ce laifin nasa ne da ya ba da darasi bai tambaya ba. Na ce a'a, hannuna ne ya murɗa.

Na tuna waɗanda suka saki: manya biyu na sama da siririyar ƙasa. Mutanen zaure suka bi da ni a hankali, ina sassautawa ina turo musu sauti, har Nas ta ce, "Tsaya nan." Na shafa tsirkiyoyin duka ban danna komai ba. Amon ya cika ɗakin. Mai ɗakina ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Wa ya shigo?"

Na shimfiɗa yatsa a koɗewar farko, na bi rerawarki, ta zauna daram. Da na iso inda kika yi shiru, babu wurin zuwa sai koɗewa ta biyu. Na ja yatsa can, amon ya hau, na ɗan tsaya, na dawo. Ban ce shi ne ba. Ni ban taɓa jin nasa ba, kuma na riga na yi kuskure sau ɗaya da cikakken tabbaci.

Kin ce kada in turo, kuma kina da gaskiya. Na tura wa 'yarki murya kawai, na ce kada ta kunna sai in ke kika nema. Idan kin ga kada ya ƙara ɓata miki abin da ya rage, ta goge, ni kuma in ba direba jitar a saitin mai ita.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na kwana biyu ina kewaya wayar nan. Jiya da yamma na ce yarinyar ta kunna ta fita.

Shi ne. Har tsakiyar.

Sai dai kana sauri, kamar ana biyo ka. Shi a can sama yakan daɗe, har in ce masa, "To, sauko mana." Ka gyara wannan.

Jitar ta zauna a wurinka, a nan rataye ta kawai zan yi. Kada ka bari kowa ya taɓa wuyanta. Idan ka samu hutu ka zo da ita, ba na son na waya. Ka gaya wa Nas ina yi mata addu'a.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta wa zaure takardarki. Ban san ko zan iya a gabanki ba. Amma zan zo. A gai da yara.

Ƙaninki, Auta.

Abin da ya rage na gobe:
Neman hutu wurin mai gida.
Tambayar direba ko akwai wuri a gaba, kada a sa ta cikin kaya.
Wanke bargon.
Cire manhajar saiti daga waya.
Daɗewa a sama.