Abin da Kananzir Ya Tono a Jirgin Feshi

Birnin Kudu,
16 ga Nuwamba, 1975.

Zuwa ga Yaya Ishiyaku, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zuliha da yara. Allah ya tsare ka a kan waɗannan dogayen hanyoyi da kake bi da tankar mai, ya mai da kai gida lafiya kowace tafiya. Mu nan da sauƙi. Inna tana Kwandiko, gwiwar ce dai take hana ta zuwa rijiya, amma tana salla a tsaye. Matata Batulu ta sauka wata biyu da suka wuce, an sami mace, an sa mata Rahamatu. Na so in rubuto maka tun lokacin, sai abin da zan gaya maka yanzu ya ɗauke min hankali. Na gwammace ka ji daga bakina kafin direbobin Kano su kai maka shi a karkace.

Ka tuna ɗan jirgin feshin nan mai kujera biyu da aka bari a filin bayan gari shekara uku da suka wuce, wanda ake kashe tsuntsayen jan-baki da shi? Bana da dawa ta fara ƙosawa, labari ya zo cewa tsuntsayen sun sauka a fadamun gabas, suna matsowa. Sai Malam Ɗanbala, jami'in da ke kula da harkar feshi, ya same ni a gareji. Ya ce an gaya masa na yi shekara shida ina wankin jirage a Kano kafin in koma gyaran mota. Ya ce za a turo matuƙi nan da kwana goma, yana so ya tarar da jirgin tsaf, don ya duba shi ya tashi. Na karɓa da murna, Yaya, don har gonarmu tana cikin waɗanda za a ceta.

Na je na duba shi. Awaki sun mai da ƙarƙashinsa wurin kwana. Baƙin mai ya zubo daga injin ya bi cikinsa har wutsiya, ƙura ta hau kai, ya daskare kamar kwalta. Maganin feshin ma ya tsiyaya ya bushe a gindin fukafukai. Nan da nan kowa ya zama malamin wanki. Malam Ɗanbala ya ce a kawo fetur garwa biyu a gama a yini ɗaya. Wani mai fenti ya ce tina, ruwan narkar da fenti, ta fi. Ɗanjuma mai shago ya aiko da sodar da mata ke yin sabulu da ita, ya ce ba maiƙon da ke gagarar ta, kuma kyauta ya bayar saboda shi ma yana da gona a Fagam.

Na ƙi dukkansu, kuma na faɗi dalilina. Fetur a wannan rana, mutane kewaye da mu wasu da taba a baki, neman gobara ne, ga shi yana busar da robobin da ke riƙe bututun mai. Tina kuwa za ta kwashe fenti, sannan gilashin gaban jirgin ba gilashi ba ne, roba ce mai haske, in tina ta taɓa shi sai ya yi hazo, matuƙi ba zai ƙara ganin gabansa ba. Soda ce suka fi yi min musu a kanta. Sai na sa aka kawo wata tsohuwar tukunyar alminiyam, irin ƙarfen da aka yi jikin jirgin da shi, na jiƙa sodar a ciki na ajiye a inuwa. Kafin la'asar ruwan yana ta kumfa, cikin tukunyar ya yi baƙi ya yi tsaga-tsaga. Ɗanjuma ya ɗauki buhunsa ya tafi. Abin da na zaɓa shi ne kananzir da tsumma mai laushi, sai sabulu marar zafi da ruwan rijiya na ɗauraya. Kananzir ba ya sauri, sai ka shafa ka jira ya jiƙa, amma ba ya cin ƙarfe. Haka aka koya mana, haka na yi.

Kwana shida na yi ina wannan aiki, hannuwana duk sun tsattsage. Jirgin ya fara fitowa fari da jan layinsa, mutane suna tsayawa a hanyar kasuwa suna sa min albarka. A rana ta bakwai na kai wurin da ƙarfen da ke tokare fiffiken dama ya haɗu da jikin jirgin. Da maiƙon ya narke, sai na ga wani farin gari kamar na rogo yana zubowa. Na goge, na ƙara gogewa. Ƙarfen ya zaizaye, ga tsaga ta kai tsawon ɗan yatsana. Maganin feshin ne ya daɗe yana cin sa, maiƙo ya rufe ba wanda ya gani.

Na kira Malam Ɗanbala na nuna masa. Ba mugun mutum ba ne, Yaya, kada ka ɗauke shi haka, shi ma idonsa ya yi ja. Ya ce min tashi uku kawai ake bukata, ba talatin ba. Ya ce in mayar da giris a wurin kamar yadda na same shi, bayan kaka shi da kansa zai rubuta a zo a gyara. Ya tuna min yunwar shekara biyu da suka wuce, da yadda muka binne 'ya'yan mutane, ya ce in yi tunanin uwata. Na ce masa zan yi tunani. Wallahi na yi, har na buɗe gwangwanin giris ɗin. Amma na kasa, don na san wanda zai zauna a kujerar nan shi ma yana da uwa.

Da matuƙin ya iso, wani mutumin Zariya mai sanyin magana, na kama hannunsa na kai shi wurin kafin ya sha ruwa. Ya sa bakin sukundireba ya ɗan danna, ƙarfen ya ɓarke kamar ɓawon gyaɗa. Ya ce da ya tashi da tankin magani cike, da fiffiken ya rabu da shi kafin ya wuce Gwaram. Ya yi min godiya, ya koma Kano a motar da ta kawo shi. Aka ce za a turo wani jirgin. Har yau bai zo ba.

Tsuntsayen sun iso bayan kwana takwas. Mun yi ta kaɗa gwangwani da majajjawa tun hantsi har faɗuwar rana, kamar ba mu yi komai ba. Gonarmu ta Kwandiko da takan ba mu dami arba'in, dami shida muka ɗaure, rabinsu ma soshiya. Na kai wa Inna duka. Ba ta zarge ni ba, ta dai dubi rumbun ta ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ta shige ɗaki. Da ta yi min faɗa da na fi jin sauƙi.

Yanzu maganar da ke yawo a gari ita ce Haladu ya wanke jirgi har ya kashe shi. Wasu sun ce kananzir ɗina ne ya ci ƙarfen, da an bi ta fetur da yanzu rumbuna cike suke. Masu motoci sun rage zuwa gareji. Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙanwarmu Hapsatu. Gonar mijinta Badaru a Fagam ko dami ɗaya ba ta bayar ba, ya ce kada in ƙara taka ƙofar gidansa, ita kuma tun lokacin ko ganin Rahamatu ba ta ƙara zuwa ba. Na yi tattaki har can, aka ce min ba ta nan, alhali ina jin sautin turminta. Ban ga laifinsu ba, 'ya'ya biyar gare su. Ni ma akwai ranakun da nake tambayar kaina ko da an tashi, tsagar nan za ta jure tashi uku. Ba zan taɓa sani ba.

Roƙona gare ka shi ne ka yi ƙoƙari ka zo babbar salla. Badaru yana jin nauyinka, in ka zaunar da mu wataƙila ya saurara. Ba na neman a ce na yi daidai, a dai bar ni in riƙa gaida 'yar'uwata.

Ka gaida Zuliha, da Hambali da Fatsuma, ka ce su dage da karatu. Inna tana sa maka albarka. Batulu tana gaishe ku, haka Bappa Maikano. Hapsatu ba ta ba ni saƙo ba, amma na san da muna magana da ita ce za ta fara cewa in gaishe ka, don haka ka karɓi gaisuwarta daga hannuna.

Ƙanenka,
Haladu.