Kujerar Kawu Fello

Yaya Nereida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara wa ƙafarki sauƙi, Ya sa wa gonar ayaba albarka. Mu nan New Jersey lafiya lau. Matata Yudelka ta samu aiki, 'yan biyu kuma sun fi ni tsawo, sai ci kamar gara.

Yaya, kunya ce ta sa na ɗauki biro na bar waya, don ba zan iya faɗin wannan kina saurarona ba. Kin tuna yadda kika ga titinmu, shara ko'ina, fitilu a mace, rabin shaguna a garƙame. Shekara uku ke nan da hukumar gari ta ware shi ya zama yankin gyara na musamman. Masu gine-gine suna ƙara ɗan wani abu a kan haraji, kwamitin 'yan kasuwa ya ɗauki masu shara, ya sa fitilu, ya dasa itatuwa. Titi kam ya farfaɗo, shagon askina ba ya rabuwa da mutane. Da aka sa ni cikin kwamitin kaina ya kumbura, har kwat na saya.

To, kin san teburin wasan domino na Kawu Fello a ƙofar shagona. Shekara ashirin yana nan da abokansa uku, suna buga katakon kamar za su fasa shi, kowa ya wuce sai sun tsokane shi. A wani taro aka ce a hana ajiye komai a gefen titi, wai baƙi masu sayayya ba sa son hayaniyar tsofaffi. Kowa ya juyo yana kallona. Yaya, na ɗaga hannu. Mutumin da ya ɗauko ni daga garinmu Moca, ya koya mini riƙe almakashi, ya bar mini shagonsa! Ban ma iya faɗa masa da bakina ba, masu shara ne suka miƙa masa takarda. Ya naɗe teburinsa ya tafi gida.

Watan jiya kwamiti ya sa aka yi babban zane a bangon tashar bas, wai don a nuna asalin unguwa. Ana yaye ƙyallen da ya rufe zanen sai ga tsofaffi huɗu a teburin domino, har da Kawu da hular kabarsa, ashe tsohon hoto mai zanen ya kwafa. Aka yi ta tafi. Kawu yana can baya da sandarsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini a gaban jama'a, wai tunda na zama babban mutum in tambayo masa ko wancan tsohon na bango yana da takardar izinin zama. Ya ce ai dole mu so na bangon, ba ya tari, ba ya ashar. Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da kwat ɗina.

Na koma kwamiti na ce na yi kuskure. Doña Cesarina mai gidan burodi ta goya mini baya, ta ce an share titi har an share masu titin. Da ƙyar aka yarda a mayar da tebur ɗaya. Na sayi sabo da kujeru huɗu, abokansa ukun sun dawo, shi bai zo ba. Sau biyu ina zuwa gidansa ana ce mini yana barci, alhali ina jin rediyonsa.

Yaya, maganarki kaɗai yake ji, don ya ce muryar Mama gare ki. Ki kira shi. Kada ki wanke ni, ban cancanta ba. Ki ce masa dai kwana tara ke nan abokan nasa, su Don Chepe, suna zuwa da safe su zauna, ba su buɗe akwatin domino ba, ba su kuma bar kowa ya hau kujerarsa ba. Ranar da na gwada zama, Don Chepe ya ɗora sandarsa a kanta.

Ki gaida Gwaggo Tatica da Wilfrido da duk mutanen gida.

Ƙaninki,
Eladio