Inna, Na Ƙi Karɓar Sandar Baba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, ni ce ɗiyarki Uwani. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma tun da muka dawo daga Tawa na kasa zama wuri guda. Yau sau biyu na share tsakar gida, na wanke tukunyar da ba a dafa komai a ciki ba. Na yi wani abu, kuma ba ni da wadda zan faɗa wa in ba ke ba.

Maganar gwiwar Baba ce. Kin fi ni sanin ta. Tun da motar soja ta kife da su yana bakin aiki, gwiwar dama ba ta sake zama daidai ba. Bayan rasuwarki, abokinsa Baba Idi, wanda suka yi soja tare, ya matsa masa ya kai dosiye, wato takardun neman haƙƙinsa, don akwai kuɗin da ake ba sojan da ya nakasa wurin aiki. In ya samu, zai bar durƙuso a garkar albasar mutane, aikin nan da ke kumbura masa ƙafa kullum.

Bara aka kira shi Tawa, likitan soja ya duba shi. Da ni ya tafi, don ni ce mai ɗan faransancin lakwal, na makarantar boko, a gidan. Muna isa ƙofar buro, ofishin likitan, ya miƙo mini sandarsa ya ce, "Uwata, riƙe mini nan." Na riƙe. Ya gyara hula ya shiga a miƙe kamar mai fareti. Ƙofar ba ta rufu duka ba, ina hangen su. Ya ƙame wa likita. Aka ce ya zauna, ya ce soja ba ya zama gaban babbansa. Aka ce ya tsuguna, ya tsuguna ya tashi bai ko yamutsa fuska ba. Aka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Da muka dawo Malbaza kwana uku ya yi bai taka ƙasa ba.

Takarda ta zo, ni na karanta masa: gwiwa na aiki, ba a ga nakasar da ta kai a biya ba. Ban ga laifin likitan ba, Inna. Abin da aka nuna masa ya rubuta.

Ni kuwa na san abin da kika bari a gidan nan. Turminki da kike kife masa a ɗaki yana nan, a kansa yake sallah a zaune, labule a sake. Ran Juma'a kaɗai yake zuwa masallaci, ya bar sanda gida, ya yi sujada da kowa, ya dawo in dafa ruwan zafi. Ina tuna ki kina gasa masa ƙafar kina cewa, "Soja, ko ka saki labule Allah na ganin gwiwar nan." Sai ya yi kamar bai ji ba.

Baba Idi ya ce ana iya roƙo a sake dubawa, amma in aka sake ƙi, da wuya a ƙara saurarenmu. Muka kai roƙon. Muka jira har aka cire albasa. Talatar da ta wuce aka kira mu.

Tun daga tasha nake tunanin sandar nan. Kin san ni. Ko a lakwal in mushe, malaminmu, ya kira sunana muryata ba ta fita, balle in ɗaga ido in dubi Baba. Duk hanya ina shirya magana, tana watsewa.

Ƙofar dai ita ce, bencin shi ne, tsofaffin sojoji zaune a jere. Baba ya gyara hula ya miƙo sanda. "Uwata, riƙe."

Inna, ban san yadda aka yi ba, sai na maida hannuwana baya cikin hijabi.

Ya sake miƙowa. Wani tsoho mai ido ɗaya ya kwashe da dariya ya ce, "Sarja, yau ƙaramin soja ya ƙi oda!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Idona a kan takalmina na ce, "Baba, Inna ta ce ko ka saki labule Allah na ganin gwiwar nan."

Dariya ta tsaya. Aka kira sunan Baba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya dogara sandar ya shiga, ni ina bayansa.

Likita ya tambayi ko wace ce ni. Faransancina ya gudu, da Hausa na faɗi maganar turmi da ruwan zafi. Ya sa Baba ya naɗe wando, ya danna kumburin, ya ce ya tsuguna. Baba ya fara, ya kama tebur. Sai ya ce, "Ba na iyawa." Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Aka ɗauki hoton ƙashin, likita ya yi rubutu mai tsawo.

Muka dawo gida. Amsar roƙon kuma har yau ba ta zo ba. Duk babur da ya tsaya a ƙofa sai in leƙa ko takardar ce aka kawo. Ina ta tambayar kaina ko na tona masa asiri a banza, ko ke ma da kin yi fushi na kai maganar ɗakinku gaban maza.

Amma jiya da la'asar ya kira ni. Ya ce, "Uwata, fiddo turmin nan tsakar gida, ɗaki ya yi zafi." Na fiddo na kife. Ya jingina sandar a jikin rumbu ya zauna ya ta da sallah, maƙwabciya na shigowa aron rariya, bai ce a saki komai ba.

Allah Ya gafarta miki, Inna, Ya sa kina cikin ni'ima. Allah Ya kawo wa Baba amsa ta alheri, Ya sassauta masa gwiwar nan. In na yi rashin kunya, ki yafe mini. Maganarki na ara, don tawa ba ta fita.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Uwani