Fuskarki a Jikin Kwalba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, tare da begen kina hutawa a wurin Ubangiji. Ni ce Ladi, 'yarki ta fari. Muna nan Kafanchan, sai dai ba daɗi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Kin san sana'ata biyu ce. Ina rubuta bayanin lafiyar masu ciki da masu jego da ake karantawa a rediyo, ina kuma ba masu kemis da mata masu haɗa garin kunu shawarar yadda za su tallata kayansu. Kin sha yi mini tsiya, wai hannuna ɗaya na wa'azi, ɗaya na kasuwa. Ban taɓa jin kunyar ko ɗaya ba.

Kin tuna Danladi, mai yankan tikiti a tashar jirgin ƙasa? Yanzu Dakta yake kiran kansa, har da farar riga da tabarau marar magani. Ya dafa cittar Kachia da sukari da kala a bayan gidansa, ya ɗura a kwalabe, ya zo wai in rubuta masa talla. Dabararsa ita ce, tunda mata da yawa suna matse dakashi, ruwan nonon farko, su zubar don sun ɗauka ƙazanta ne, to a riƙa ba jariri wannan ruwa nasa kafin nono ya wanke. Mutumin da ko awon zazzaɓi bai iya ba, amma ya iya gano inda tsoron mace yake.

Na faɗa masa na gaji da rubuta cewa dakashi ne kariyar farko ta jariri, na nuna masa ƙofa.

Ashe ba rubutuna kaɗai yake so ba. Ya bi ta wurin Yohanna, autanki, ya karɓi hotonki na ranar taron zumuntar mata, wanda kika ɗaura jan ɗankwali. Yanzu autan naki yana yawo a kan sabon babur, in ya hango ni sai ya danna hon kamar ya yi abin kai. Fuskarki kuwa tana jikin kowace kwalba daga nan har Kwoi, an rubuta a ƙasa wai ungozoma ta yarda.

Ke, Mama, ungozomar da kowa ya sani! Ke da kike zama a bakin gadon mai jego kina hana kakanni matse nono, kina ce musu, “Wanda ya ba da ɗa bai manta da abincinsa ba.”

Rifkatu, wadda aka haifa a hannunki a unguwar ma'aikatan reluwe, ta haihu kwanan baya. Ta zo mini da ɗanta yana zawo, maɗigarsa ta faɗa. Ta ce tana jin shirina, ta san abin da nake faɗa, amma da ta ga fuskarki sai ta ɗauka kin fi ni sani, ta ɗura masa ruwan kwalbar. Mun kai shi asibiti, aka ƙara masa ruwa, ya kama nono. Yana nan da rai, Daktan tikiti kuwa ko leƙowa bai yi ba.

Na iya sa mata su sayi kaya, to zan iya hana su ma. Na rubuta shirin mako mai zuwa, kuma ban taɓa rubuta abin da ya yi mini ciwo kamarsa ba. Za a ce wa matan ƙasar nan, da sunana, in sun ga fuskar mahaifiyata a kanti, su kau da kai su wuce.

Ki yafe mini, Mama. Na san da kina nan, da ke za ki fara faɗa.

Allah ya raya ɗan Rifkatu, ya shiryi Yohanna in yana shiryuwa, ya ba ki hutu har ranar da za mu sadu.

Taki,
Ladi