Tashar da Ba Ta Cikin Taswira

Litinin, 3 ga Maris

Sun zo da tsani, sun ɗaura wani baƙin akwati a saman danjar mararrabar asibiti. Ina kan bencin mai gyaran agogo, a idona aka yi komai. Wai daga yanzu bas za ta riƙa magana da danja, in ta doso sai kore ya jira ta. Danja ta ma'aikatar hanyoyi ce, bas ta hukumar sufuri, wai sun haɗa kai. Shekara talatin da ɗaya na tuƙa bas Lamba Tara ta wannan mararraba, ban taɓa ganin ofisoshin nan biyu sun haɗa kai a kan ko ramin titi guda ba.

Mai agogo ya ce, "Ka gani, tsohon direba, an yi wa danja kunne, kai naka sun tafi hutu." Na ce masa ya fara gyara agogon bangon shagonsa tukuna.

Laraba, 5 ga Maris

Wata yarinya daga ma'aikatar hanyoyi, Injiniya suke ce mata. Rigar nan mai walƙiya, kwamfuta a hannu. Ta gaishe ni da ladabi, ba laifi. Ta tambaya tun yaushe na san wurin nan. Na ce tun kafin danja. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Kafin danja ɗan sanda ne ke ba da hannu a nan. Dogo, da farar safar hannu. Ban faɗa mata ba, ba ta tambaya ba.

Asabar, 8 ga Maris

Gwiwa. Ban fita ba.

Talata, 11 ga Maris

Sun kunna abin jiya. Na ari agogo mai daƙiƙa wurin mai agogo, na zauna tun bakwai.

Ga yadda ake yi. Bas na wuce gidan mai sai akwatin ya ji ta, ya riƙe mata kore. Ita kuwa ba danja ta nufa ba. Sai ta tsaya a ƙofar asibiti, taku arba'in kafin danjar, ta buɗe ƙofa. Mai sanda ya sauka, mai goyo ta sauka, wanda ake riƙewa a sauko da shi. Kore na can yana jiran titin da ba kowa, motocin ɗaya hannun suna ta hon. Direba na rufe ƙofa, ja ya kama. Bas goma sha huɗu na ƙirga, goma sha ɗaya haka suka yi. Da can kafin akwati sun fi saurin wucewa.

Na san dalili. Ba a tambaye ni ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Bari in rubuta wannan, kada ya tafi tare da ni.

A taswirarsu babu tasha a ƙofar asibiti. Ba a taɓa yi ba. Tashar da suka sani tana can tsallaken mararraba, gaban gidan waya. Wanda ya sauka a can sai ya tsallako layi shida ya dawo baya.

Shekara ashirin da bakwai ke nan da mai ɗakina ta fara ciwon ƙoda. Ƙafafu a kumbure, asibiti sau biyu a mako. A bas ɗina nake kawo ta, kujerar bayan direba. Ranar farko na sauke ta a gidan waya kamar kowa, na ja mota ina kallonta ta madubi tana tsallakawa. Rana ta biyu na taka birki a ƙofar asibiti. Ɗan sandan nan ya dube ni, ya dubi wadda ke saukowa. Ya ci gaba da ba wa ɗaya hannun hanya har ta gama sauka. Ina rufe ƙofa ya tsayar da su, ya kira ni. Na ɗaga masa hannu. Shekara biyu haka, ba mu taɓa magana ba, sunansa ma ban sani ba.

Wasu marasa lafiyar suka fara sauka tare da ita. Bayan ta rasu, Allah ya jiƙanta, ƙafata ta ƙi daina taka birki a wurin. Duk direban da na koya wa layin na koya masa, su ma suka koya wa na bayansu. Wurin Inna suke cewa. Yawancinsu ba su san wace Inna ba.

Rubutun nan ma a layin ganin likita ta koya mini, a bayan katinta. Ni ban taɓa shiga aji ba. Ta ce mutum ya yi shekara hamsin yana dangwala yatsa, abin kunya.

Litinin, 17 ga Maris

Injiniya ta zo da wani daga hukumar sufuri, mai tsara jadawali, da ƙaton fayil a hammata. Ƙarfe uku na yamma suka zo, lokacin an tashi daga ganin likita. Bas uku suka wuce sumul, ko ɗaya ba ta tsaya ba. Shi ya ce to ga shi, direbobinsa lafiya lau, akwatinta ne ke ruɗewa da safe. Ita ta ce akwatinta ba ya ruɗewa, direbobinsa ne ke jan ƙafa. Suka yi ta yi a gefen titi, kowa ya shiga motarsa.

Mai agogo: "Kai dai mugu ne. Ka faɗa musu mana."

Na ce in na faɗa za su hana. Abin da ba a rubuta ba, ba a soke shi.

Laraba, 19 ga Maris

'Yata ta ce, "Baba, yanzu da akwati kake gaba?" Ta ce taurin kai ne zai kai ni asibitin da nake gadi. Muryar uwarta sak. Na ce ta miƙo mini man shafawa.

Alhamis, 20 ga Maris

Ashe na'urar da suka sa a cikin bas ba magana da danja kaɗai take yi ba. Tana rubuta duk inda aka buɗe ƙofa.

Sanƙo direba ya zo gida da rana. Ni na koya masa layin yana da gashi, yanzu 'ya'yansa biyar. Ya fito da takarda ya ajiye mini a gwiwa. Gargaɗi: buɗe ƙofa a inda ba tasha ba. Su shida aka ba. Mai jadawali a ofis ya ga lambobi, bai san ƙofar mene ne a wurin ba, su kuma ba wanda ya yarda ya faɗa. Takarda ta uku a sauke mutum daga mota.

Ya ce, "Baba, in tsaya ko in wuce?"

Na ce kai ke riƙe da sitiyari. Ya sha ruwa, ya yi sallama.

Ba amsa ba ce, na sani.

Litinin, 24 ga Maris

Takwas da kwata Sanƙo ya wuce ƙofar asibiti bai tsaya ba. Kore ya jira shi, ya wuce sumul, akwati ya yi aikinsa. Bai dubi benci ba.

A gidan waya ya sauke wani dattijo mai sanduna biyu. Na duba agogo. Ya tsallako layi uku, danja ta juya, ya tsaya a tsibirin tsakiya. Ta sake ba shi, bai shirya ba, ta sake juyawa. Motoci ta gaba, motoci ta baya, iskarsu na kaɗa masa riga. Minti huɗu da daƙiƙa goma kafin ya taɓa ƙofar asibiti.

Direban da ke bayansa ya tsaya. Takardarsa ta biyu ke nan.

Mai agogo bai yi mini tsiya ba yau. Gara ya yi.

Talata, 25 ga Maris

Na ce wa 'yata ta goge mini riga mai kyau. Ba ta tambaya ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Ofishin ma'aikatar hanyoyi, hawa na huɗu. Na huta sau uku. Injiniya ta gan ni a baranda, ta ce yau ma suna zama, su da mutanen sufuri, a kan ko a cire akwatin mararrabar nan baki ɗaya. Ta shigar da ni. Dogon tebur, 'yan hanyoyi a wannan gefe, 'yan sufuri a wancan, kamar masu shari'ar gado. Taswira a bango.

Ban zauna ba. Na je na ɗora yatsa.

Mai jadawali ya ce, "Nan ba komai, Baba."

Na ce nan ne wurin Inna. Na faɗa musu duka, a taƙaice, ban tsaya kan ciwon ba. Na ce ni na fara, in akwai takarda ni za a ba, ba yaran nan ba. Wani ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi.

Mai jadawali ya ce shekara goma sha biyu yana tsara layin nan bai taɓa jin wannan ba. Na tambaye shi ko ya taɓa hawa Lamba Tara da safe. Ya buɗe fayil ɗinsa yana neman wani abu.

Wani babba a ƙarshen tebur ya ce doka ba ta yarda da tasha kusa da danja haka ba. Na ce wa raina to, an zo wurin. Abin da na ji tsoro ke nan, da bakina na kawo shi.

Ita Injiniya ɗan sandan ne ya dame ta. "Yaushe yake ba ka hannu, Baba? Kana dosowa?" Na ce a'a, shi ba sakarai ba ne, sai na rufe ƙofa. Ta rubuta, ta ja layi a ƙasa, ta tura wa mai jadawali takardar ta tsallaken tebur. Ya karanta, ya ce na'urarsu ai ta san lokacin da ake rufe ƙofa. Ta ce tata kuma za ta iya jira a faɗa mata.

A bakin matakala ta ce, "Da ka faɗa mana tun farko." Na ce da kun zo da safe.

Maganar takardun gargaɗi sun ce za a duba. Za-a-duba na san shi tun yana rarrafe.

Talata, 1 ga Afrilu

Bakwai saura suka zo, Injiniya da mai jadawali, a mota ɗaya. Mai agogo ya fito musu da kujeru, har da goge su. Suka ƙirga masu tsallakowa daga gidan waya har ƙarfe sha ɗaya. Takarda ɗaya suka yi amfani da ita, biro ɗaya. Mai jadawali ya tashi sau biyu ya tsallako da mutane, ya dawo yana haki.

Ban yi musu magana ba, ba su buƙata.

Laraba, 9 ga Afrilu

An kafa allon tasha. Ba a ƙofar ba, sun ja shi baya saboda dokar babban nan. Na auna, taku ashirin da biyar nawa, na marar lafiya ya kai arba'in. Ba haka na so ba. Amma ba tsallake.

Akwatin yanzu ba ya neman kore sai an rufe ƙofa. An janye takardun. Sanƙo ya yi mini hon sau biyu da ya zo wucewa, mai agogo ya ce ko hon ɗin ma ban ji ba. Na ji.

Allon cewa ya yi Asibiti. Sabon direba zai karanta ya tsaya, ba sai wani ya zauna kusa da shi ya ce masa nan wurin Inna ne ba. Shekara biyar nan gaba ba mai faɗar sunan. Da ma na ce abin da aka rubuta ba naka ba ne kuma.

Talata, 22 ga Afrilu

Mai agogo ya ce in ba ƙirga nake ba in dawo masa da kayansa. Na mayar. Ban lura ba ashe na kwana biyar ban duba ba.

Litinin, 5 ga Mayu

'Yata ta matsa a duba gwiwar. Muka hau Lamba Tara, na zauna kujerar bayan direba don ita ce ba kowa. Direban baƙo ne, ban san shi ba, bai san ni ba.

Ya tsaya a allon. Wata tsohuwa ce a gabanmu, ƙafa ɗaya, ta huta, ƙafa ɗaya. Ba hon, ɗaya hannun suna ta wucewarsu. Ni ma na sauka, ban fi ta sauri ba. Ina tsaye a gefen titi ƙofa ta rufe, ja ya kama wancan hannun, kore ya kira bas.

'Yata ta ce, "Baba, wa kake ɗaga wa hannu?"

Na ce hulata nake gyarawa. Taku ashirin da biyar ɗin nan dai har yanzu sun yi yawa.