Sunan Hajara da Shafin Jami'a Ya Soke

Zuwa ga Shugaban Makarantar Karatun Gaba da Digiri ta jami'armu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Farfesa yana lafiya tare da iyali, ina neman afuwa da na fito da maganar nan fili. Na rubuto ta ofis sau biyu, na zauna a bencin ƙofarka har aka kira la'asar, abin da na samu kawai shi ne ana dubawa. Ga shi kuma zango yana ƙarewa.

Ni malami ne a sashen kimiyyar kwamfuta, mutumin Anka. Ni ke koyar da masu digiri na biyu yadda ake tsara sadarwar kwamfutoci, da yadda ake rubuta manhajar da ke kai saƙo tsakaninsu. Ɗalibai sun san ni da wata ɗabi'a da ba sa ƙauna. Ranar da kowa zai gwada manhajarsa a gaban aji, sai in bari saƙo ya kai rabi, in miƙa hannu in zare igiyar da ta haɗa kwamfutocin, in harɗe hannu ina kallonsa. Wanda manhajarsa ta sandare ko ta zubar da saƙon ya faɗi, ko da ya cika allo da ado. Darasina ke nan tun ranar farko: hanya za ta yanke, ka rubuta manhajarka da sanin haka.

A kan ɗalibata Malama Hajara nake magana. Ma'aikaciyar ajiye bayanai ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bukkuyum, matar aure mai 'ya'ya uku. Ranar da na zare mata igiya ko gezau ba ta yi ba, cewa ta yi, "Malam, bar ta hakanan, mu can da haka munka saba." Da na mayar, saƙon ya ci gaba daidai inda ya tsaya. Yanzu ga shi an soke sunanta daga jami'a, wai ba ta miƙa aikinta ba. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya, aikin nata. Farfesa ya san akwai yara a ƙauyukanmu da har yanzu ake auna gubar dalma a jininsu, kuma dole sakamakon ya isa asibiti a Anka. A takarda ake kai shi, takarda kuwa tana jiƙewa, tana ɓata a hanya. Sabis na waya a wajajen Gwashi da Yargalma sai ya yi kwanaki bai leƙo ba. Hajara ta lura da abin da mu masu zama a ofis ba mu gani ba, wato ko babu sabis, ɗan kabu-kabu ba ya fashin ranar kasuwa. Sai ta sa wayar da ke aljihunsa ta zama hanyar. Da ya tsaya a ƙofar asibiti, kwamfuta ta gane wayar, ta juye mata bayanan a rufe yadda shi kansa ba zai iya karantawa ba. In ya isa gari wayar ta sauke, kasuwa mai zuwa ya komo da shaidar cewa saƙo ya isa. In an katse a tsakiya, babu abin da ke ɓata. Na daɗe ina koyarwa, wallahi ban taɓa samun ɗalibin da ya fahimci darasina kamar ta ba.

Na biyu, shafin miƙa aiki da jami'a ta kawo. Dole ɗalibi ya ɗora aikinsa da kansa. Kafin ya shiga sai an turo masa lamba ta waya, lambar kuma tana mutuwa cikin 'yan mintoci. In sabis ya yanke ana cikin ɗorawa, sai a koma farko, a jira sabuwar lamba. Ranka ya daɗe, da ɗalibina ne ya rubuta shafin nan, da bai wuce ajina ba.

Na uku, ranar cikar wa'adi. Hajara ta taso daga wajen aikinta zuwa Gummi don ta samu sabis mai ƙarfi, a kan hanyar da kowa ya san ba a binta sai da addu'a a baki. Ta wuni a shagon masu buga takardu. Sau huɗu aikin yana kusan shiga yana yankewa. Lambar ƙarshe ta iso wayarta bayan ta riga ta mutu, shafi kuma ya rufe.

Ba sakaci ta yi ba. Kwana biyu kafin nan ta aiko mini da aikin a bugge, haɗe da filashi, ta hannun direban mota. Ni na ɗauka da hannuna na kai ofishinka tun wa'adi bai cika ba. Jami'in da na tarar ya ce shi ba ya karɓar takarda, abin da shafi ya nuna shi ne gaskiya. Haba! Aiki yana kan teburinsa yana kallo, amma a rubuce babu shi. Kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe da doka ta yarda ta yi a karatun.

Na huɗu, laifina, don ba zan ɗora wa ofis kaya duka ba. Hajara ta so ta taho nan garin jami'a mako guda kafin wa'adi. Ni na hana ta. Na ce ta tsaya a yi kasuwa ɗaya, shaida ta komo, gwajin ya cika, don ina son in yi alfahari da ita a gaban mai jarrabawa na waje. Ta ce to, Malam. Sannan tun ranar da aka nuna mana shafin nan na ga aibinsa, na ja bakina na yi shiru, wai ba hurumina ba ne. A taron tantance sakamako na yi magana sau ɗaya, aka ce doka ce, aka miƙo takarda na sa hannu tare da kowa. Abin nan yana cin raina, ina jin kunyarsa har yau.

Da na je gida Anka na biya ta wajenta a asibitinsu. Ba ta yi mini ƙorafi ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta kawo mini fura, ta tambaye ni jikin mahaifiyata, ta ce in daina wahalar da kaina, Allah bai nufa ba. Ina zaune ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa, kwamfuta ta yi ƙara, bayanan yara suka shige wayarsa. Aikin da jami'a ta ce babu shi yana can yana aiki duk ranar kasuwa.

Don haka ina roƙon Farfesa abu uku. A karɓi kwafin da ke hannuna a matsayin wanda ya iso cikin wa'adi, ni ne shaida, in ana son rantsuwa zan yi. A mayar da sunanta kafin majalisar jami'a ta zauna, domin in ta zauna magana ta ƙare. A kuma gyara shafin ya riƙa ci gaba daga inda ya yanke. Ɗalibaina za su iya gyara shi cikin mako guda, Hajara ma ta fi kowa iyawa.

Sabbin ɗalibai suna shigowa zango mai zuwa, rabinsu daga garuruwa irin nata. Na bar igiyar da nake zarewa a wajen sakatarenka, a cikin ambulan mai sunana. In an mayar da Hajara, a aiko mini da ita in ci gaba da aikina. In ba a mayar ba, a riƙe ta, domin ba ni da idon da zan kayar da wani ɗalibi a kan laifin da jami'arsa ke yi, ni kuma na sa wa hannu.

Allah Ya ƙara wa Farfesa lafiya da basira, Ya sa ka gama da kujerar nan babu hakkin kowa a wuyanka, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malamin darasin sadarwar kwamfuta, daga Anka.